Tun ran gini, tun ran zane

Ranar 26 ga watan Maris na shekarar 2025 aka sa hannu a kan kundin da ake kira Charte de la Refondation, wanda a cikinsa aka ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. An tattauna wannan hukunci a gidajen rediyo da majalisun hira, daga Yamai har Difa, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, ba kuwa shi za mu sake tonowa ba. Abin da muke so mu jawo hankalin mahukunta da masu karatu a kai shi ne wani aiki da ke biye da hukuncin. Aiki ne da ba a buga masa tambari, amma in aka yi masa sakaci zai ci dukiyar ƙasa, ya kuma wahalar da talakan da aka ce dominsa ake yi.

Takardun hukuma suna ƙaura daga kabad zuwa cikin na'ura. A shekarar 2017 aka kafa hukumar ANSI domin ta ja ragamar wannan ƙaura. Burin shi ne mutumin Tanut ko na Magarya ya sami abin da yake nema wurin gwamnati ta salularsa, ba sai ya biya kuɗin mota zuwa Damagaram ba, balle Yamai, wadda ke da nisan kusan kilomita 900 daga Damagaram ɗin. Tun da Hausa ta zama harshen ƙasa, lalle ne waɗannan takardu su yi magana da ita, kuma su yi ta da murya ɗaya.

Masana wannan fanni suna da wani gini da za mu kira zaure. Kamar yadda baƙo ba ya tsallaka katanga ya faɗa tsakar gida, sai ya bi ta zaure ya yi sallama, haka ake so ɗan ƙasa ya shiga adireshi guda a intanet, a can ya tarar da tagogi iri-iri: tagar takardar haihuwa, tagar sakamakon jarrabawa, tagar haraji, tagar farashin hatsi a kasuwanni, tagar labarin ruwan sama. To, zauren ɗaya ne, maginan kuwa da yawa. Wannan ma'aikata za ta ba wani kamfani kwangilar tagarta, waccan ta ba wani, magajin gari ya ɗauko wani matashi da ya ƙware, kowa da kuɗin da ya samo da wa'adin da aka ɗibar masa. In ba a tsayar musu da ƙa'ida guda tun da fari ba, ranar da aka jera tagogin nan wuri ɗaya za a ga abin mamaki. A wannan taga maɓallin amincewa kore ne yana hannun dama, a waccan ja ne yana hagu. Nan an rubuta "aika", can "tura", gaba kaɗan "tabbatar". Nan kwanan wata yana farawa da rana, can da shekara. Ma'aikacin da ya saba da na'ura zai yi tsaki ya wuce. Dattijon da ya yi rani uku yana zuwa ajin yaƙi da jahilci kafin ya iya haɗa baƙi da wasali, shi ne zai tsaya cik, yana tsoron kada ya danna abin da zai lalata masa takarda. Daga ƙarshe sai ya miƙa wayar ga yaron da ke zaune a ƙofar buro, ya biya shi dala ashirin ko hamsin, kamar dai bai taɓa zama a aji ba.

Domin a gane inda gizo ke saƙa, sai mu duba yadda ake gina shafi a intanet. Aiki biyu ne. Na farko shi ne sa alamomi a jikin rubutu, waɗanda mai karatu ba ya gani amma na'ura tana gani: wannan layi kan magana ne, wannan sakin layi ne, wannan jadawali ne, wannan gurbi ne da za a rubuta suna, wannan gargaɗi ne. Harshen da ake yin wannan aiki da shi sunansa HTML. Na biyu shi ne ado, watau launi, girman haruffa, tazara tsakanin layuka, da inda kowane abu zai zauna a fuskar waya. Shi kuma sunansa CSS, ƙungiyar W3C ce ta fitar da shi a ƙarshen 1996. Hikimar raba su ita ce a rubuta adon sau ɗaya a wuri ɗaya, dukan tagogi su riƙa ɗiba daga can. In an lura jan rubutun gargaɗi ba ya fita sosai cikin hasken rana, sai a gyara layi guda, tagogi ɗari su gyaru cikin dare ɗaya. Sai dai da sharaɗi, sai in dukan maginan sun kira gargaɗi da suna ɗaya. In wannan ya laƙaba masa suna kaza, wancan ya ƙago nasa, na uku kuma ya kwaɓa launin cikin ginin kansa, to babu gyara sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sabuwar kwangila.

Duk wanda ya taɓa zagaya Birni ko Zango a Damagaram ya ga fuskokin gidaje masu zane, da zanko a bisansu. Magina sun san ana fitar da zanen nan ne tun yaɓe yana ɗanye, shi ya sa Bahaushe ya ce tun ran gini tun ran zane. A na'ura an sami rangwame, ana iya sake zanen bayan shekara goma ba tare da an taɓa bango ba. Abin da ba ya jiran gobe shi ne sunaye da ma'auni. Ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ita a tsakiyar ƙarni na 19 ba hannun magini ɗaya ya tayar da ita ba, kuma da kowa ya bi kaurin da ya ga dama da ba ta haɗu ba.

Ba mu ne farkon faɗawa wannan matsala ba. A farkon shekarun 2000 manyan kamfanonin na'ura suna sayar da irin waɗannan zaurukan, kowanne da nasa tsari, tagar da aka gina wa wannan ba ta shiga wancan. A 2003 aka daidaita a kan ƙa'idoji biyu, JSR 168 da WSRP. Cikin abin da aka tsayar har da jerin sunayen ado da kowa zai yi aiki da su: suna ɗaya ga saƙon kuskure, ɗaya ga saƙon nasara, ɗaya ga kan sashe, ɗaya ga maɓalli. Jerin ba shi da tsawo, kuma ba a ce wa mai taga ga launin da zai shafa ba, mai zaure ne ke zaɓen launi. Fasahar wancan lokaci ta tsufa, dabarar kuwa tana nan. A 2012 gwamnatin Ingila ta fara tattara shafukan ma'aikatunta cikin zaure guda mai suna GOV.UK, a 2018 ta buɗe rumbun tagogi da maɓallai shiryayyu, inda kowace ma'aikata ke ɗauka maimakon ta ƙera nata. Faransa ta fitar da irinsa a 2021. Ba cewa muke a kwafo nasu ba, domin rigar da aka auna a jikin wani harshe ba lalle ta shige namu ba.

Darasin da ya fi kusa da mu a gida yake, kuma dattawa da dama cikin masu karatun wannan fili a jikinsu suka ji shi. Zamanin mulkin mallaka, wanda ya so rubuta Hausa da boko a wannan ƙasa sai ya ari ƙa'idar Faransanci, shi ya sa har yau allunan hanya ke cewa Kantché, Gouré, Tanout, Mirriah. A ƙetaren iyaka kuwa, tun shekarun 1930 aka tsayar da baƙaƙe masu lanƙwasa a Zariya, watau ɓ da ɗ da ƙ, a can ne kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Bayan samun ƴancin kai, UNESCO ta tara masana a Bamako daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 1966, domin a daidaita rubutun Hausa da Fulatanci da Barbarci da Zabarmanci da Tamajak da harsunan Mande. Daga nan littattafan yaƙi da jahilci na ƙasarmu suka riƙa ninka wasali mai tsawo. Wanda ya taɓa riƙe jaridun karkara na wancan zamani zai tuna da sunayensu yadda aka buga su, Gangaa da Saabon Ra'ayii.

A yi wa masanan Bamako adalci, ba kuskure suka yi ta fuskar ilimi ba. Garin da mutane ke zaune ciki da garin da ake tuwo da shi, a rubutunmu na yau kamarsu ɗaya, a nasu kuwa wannan "garii" ne, wancan "gaarii". Ga mai koyo wannan taimako ne babba. Abin da ba su auna ba shi ne kasuwa. Manomin Magarya ko na Matamai da ya sami takardar shaidar yaƙi da jahilci, ranar kasuwa Daura ko Kano yake zuwa, can ne kuma littattafan Hausa suke tuli, dukansu da ɗayan rubutun. Shi yana tuntuɓe a kan nasu, su ba sa sayen namu. Harshe ɗaya, mutane ɗaya, ƴan uwa ɗaya ma sau da yawa, amma alƙalami biyu. Makarantar gwaji ta farko da aka fara koyar da yara da Hausa a ƙasar nan, wadda aka buɗe a Damagaram a 1973 a ƙarƙashin makarantar horon malamai, a tsakiyar wannan hali ta tashi. Sai a watan Janairu 1980 masanan ƙasashen biyu suka zauna a Yamai, a cibiyar CELHTO ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, suka daidaita. Aka bar ninka wasali. Shekara 14 ke nan ana tafiya a kan hanyar da aka komo aka bari, aka sake buga littattafai, malamai suka sake koyo, ɗalibai tsofaffi suka sake sabawa. A watan Oktoba 1999 Ma'aikatar Ilimi ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar. Babban bambancin da ya rage tsakaninmu da maƙwabta shi ne harafi guda: mu muna rubuta ƴ, su suna rubuta 'y.

Abin da muka ɗauka daga wannan tarihi shi ne, ba a zaɓen ƙa'ida don ta fi kyau a kan takarda kawai. Ana duba yawan waɗanda suka riga suka san ta, da tsadar barinta in an shiga. A kan haka muke ganin zauren gwamnati ya tsaya a kan buɗaɗɗun ƙa'idojin da kowace waya ta riga ta gane, HTML da CSS, waɗanda ba mallakar kowane kamfani ba ne. Kamfanin da ya zo da nasa tsari na musamman, ya ce ya fi sauri kuma ya fi ƙawa, yana iya faɗin gaskiya. Amma ranar da kwangilarsa ta ƙare, ko ya tsawwala farashi, ko ya naɗe kayansa, mabuɗin zauren a aljihunsa zai tafi.

Sai maganar haruffa, wadda ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya mu masu aikin fassara. Malamanmu sun ba mu labarin yadda a da ake buga Hausa da keken rubutu na Faransanci, sannan a bi takardar da alƙalami ana yi wa kowane b da d da k ƙugiya da hannu. Wannan wahala ta wuce, ko kuwa ya kamata a ce ta wuce. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya shigar da namu: ɓ lambarsa U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ U+01B4, manyansu ma kowanne da tasa. Wurin zama dai an ba su. Amma samun lamba dabam, samun siffa dabam. Zubin haruffa da yawa an zana su ne domin harsunan Turai, babu ƙ a cikinsu. In magini ya zaɓi irin wannan zubi don ya burge shi, sai na'ura ta aro harafin daga wani zubi, ya fito a karkace kamar haƙorin da ba na bakin ba, ko kuwa ta ajiye ɗan akwati fanko a gurbinsa. Magatakarda in ya ga haka sau biyu sai ya daina wahalar da kansa, ya riƙa buga k da b da d zalla.

Wani zai ce ai Bahaushe yana ganewa. A hira yana ganewa. A takardar hukuma fa? Matar da ta nemi takardar haihuwar ɗanta, aka aiko mata da saƙo "an bata takarda", me za ta fahimta? An ba ta takarda, ta je ta karɓa, ko an ɓata takarda, ta sake sabon nema? Sanarwar da ta ce "baki su yi rajista" da wa take? Ƙasa ta zama kasa, ƙafa ta zama kafa, ƙarya ta zama karya. Ga kuma matsalar nema: na'ura ba ta san cewa Ɗanladi da Danladi da D'anladi mutum ɗaya ne ba, sai in an gaya mata. In tagar haihuwa ta rubuta shi da ƙugiya, tagar jarrabawa ta rubuta babu, to yaro ɗaya ya zama biyu, kuma shi ne zai yi ta zirga-zirga yana rantsuwa cewa shi ne shi. Har ɗan ɗigon nan mai wutsiya da ke cikin "jama'a" da "ma'aikata" iri uku ne aƙalla a cikin na'ura, ido ba ya rabe su sosai, amma lambobinsu dabam. Dole a zaɓi guda a rubuta shi cikin ƙa'ida.

Maganin ba shi da tsada. Akwai zubin haruffa na kyauta da ke ɗauke da dukan baƙaƙenmu, irin su Noto da Charis da Andika. Shi Andika ma musamman domin sababbin masu karatu aka zana shi, haruffansa ba sa shiga kamannin juna. Akwai kuma alamar da ake sa wa shafi domin na'ura ta san harshensa: ha na nufin Hausa, ha-NE Hausar Nijar. Da ita ne na'urar da ke karanta wa makaho shafi za ta san ba Faransanci ke gabanta ba. Game da ƴ, ra'ayinmu shi ne shafukan gwamnati su riƙe shi yadda ƙudurin 1999 ya tsayar, amma akwatin nema ya ɗauki ƴ da 'y abu ɗaya, domin wayoyin da ke hannun mutanenmu da littattafan da suke karantawa ba su san iyaka ba.

Kada kuma a manta jahar Damagaram ba Hausa kaɗai ake yi cikinta ba. Gidan sarautar kansa daga Barebari ya samo asali, ga Fulani, ga Abzinawa, ga Tubawa wajen Taskar. Barbarci da Tamajak suna da harafin ǝ, wanda shi ma yake da tagwaye biyu masu kama ɗaya a Unicode. Fulatanci da Zabarmanci suna da ŋ. Rubutun Tifinag ya shiga Unicode a 2005. Almajiran da suka fi sakewa da ajami kuwa daga dama suke farawa, kuma HTML yana da alamar juya shafi ta wannan fuska. Ba mu ce a fassara kome cikin kowane harshe gobe da safe ba. A dai bar musu ƙofa a jikin ginin, kada a zo daga baya ana fasa bango. Haka sunayen garuruwa: jeri guda, kowane gari da lambarsa, da sunansa na Faransanci da na Hausa gefe da gefe, Kantché da Kance, Gouré da Gure, kowace taga ta ɗiba daga can.

Mun san za a yi ƙorafi. Na farko zai fito daga jahohi, kuma Damagaram, wadda ta riƙe babban birnin ƙasar nan daga 1911 zuwa 1926, ba ta cika son a auna mata riga daga Yamai ba. Za a ce in kowa ya bi tsari ɗaya, shafin Damagaram da na Doso za su zama kamar buhunan siminti. Wannan tsoro yana da tushe in aka yi ƙa'idar da tsauri fiye da kima. Amma raba gini da ado shi ne ke ba da damar a bar wa kowace jaha hoton fadarta da zanen gidajenta a goshin shafi, alhali maɓallin "aika" yana wuri ɗaya daga Gure har Tera. Ƙorafi na biyu na ƴan kwangila ne, za su ce an ɗaure musu hannu. Ƙananan cikinsu su ne za su fi cin riba, domin matashin da ke aiki shi kaɗai a Sabon Gari, in rumbun tagogi yana buɗe kyauta, zai iya gina abin da zai shiga zauren ƙasa daidai da na babban kamfani. Na uku shi ne wanda muka fi tsoro, domin da sunan hankali yake zuwa: a kafa kwamiti, a jira sai an gama nazari, a fitar da cikakkiyar ƙa'ida. Kafin kwamitin ya gama zamansa an ba da kwangila goma, kowace da nata zane, yaɓe kuma ya bushe.

Gara ƙa'ida gajera da ta fito bana. Ƙuduri ne mai ƴan shafuka, da Hausa da Faransanci, wanda zai faɗi sunayen sassan taga, da zubin haruffa, da lambobin baƙaƙe masu lanƙwasa, da yadda ake rubuta kwanan wata da kuɗi, da kalmomi talatin ko arba'in da ke dawowa a kowace takardar cikewa. A nan ne ya kamata a kira mutanen INDRAP da malaman yaƙi da jahilci su zauna tare da masu na'ura, domin su ne suka san kalmar da tsohuwa a Miriya za ta gane ba tare da an fassara mata fassarar ba. A liƙa ƙudurin a jikin sharuɗɗan kowace kwangila, a kuma ajiye ofishi guda da zai riƙe shi, ya riƙa sa wa kowane gyara lamba da kwanan wata, kada a wayi gari a tarar an sake shi ba sanarwa.

Ranar karɓar aiki kuma, kada a gwada taga a babbar kwamfutar buro mai sanyi. A ɗauki salula mai araha, a fita da ita inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, a kan hanyar Tanut, a miƙa ta ga wanda ya sami takardar shaidarsa ta yaƙi da jahilci bara. A ce ya rubuta sunan ƴarsa Ƴarbaba da na ƙauyensu, ya aika, sannan ya nemo su a wata taga. In ya same su, a biya ɗan kwangila kuɗinsa.